Dillali, La'ada da Diyya: Rigimar Bashin Mota a Birtaniya



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wata rigima da ta taso a ƙasar Birtaniya tsakanin mutanen da suka sayi motoci bashi da bankunan da suka ranta musu kuɗin. Tambayar da ke cikinta ita ce wannan: mutum ya sayi mota bashi, ya sa hannu a takarda da yardarsa, ya biya har ya gama, sa'an nan daga baya ya gane ashe mai sayar da motar ya karɓi la'ada daga hannun banki ba da saninsa ba. To, yana da haƙƙin a biya shi diyya? In kuwa yana da shi, daga ina haƙƙin ya fito? Kotuna biyu mafiya girma a ƙasar sun amsa tambayar, amma amsoshinsu ba su zo ɗaya ba, kuma a wurin da suka saɓa ɗin nan ne ilimin yake.

Bari mu fara da yadda ake cinikin. A Birtaniya kaɗan ne suke zuwa wurin sayar da motoci da kuɗi a hannu. Wajen tara cikin goma na sababbin motocin da mutane ke saya don kansu, bashi ake ɗauka. Mutum zai zaɓi mota, ya ba da kafin alƙalami, saura kuwa sai mai sayarwa ya ce zai nemo masa banki. Bankin ne zai biya kuɗin motar, ta zama tasa a doka, mai saye ya riƙa biya wata-wata tare da kuɗin ruwa, sai ranar da ya biya na ƙarshe sa'an nan ta zama mallakarsa. Akwai wani tsarin kuma da ya fi yawa a sababbin motoci, inda biyan wata-wata ba ya da nauyi, amma a ƙarshen wa'adi akwai wani dunƙulallen kuɗi: ko ka biya ka riƙe motar, ko ka mayar da ita, ko ka musanya ta da wata.

Ku lura da mutum na tsakiya. Riguna biyu yake sanye da su. Da riga ta fari ɗan kasuwa ne mai sayar da hajarsa. Da ta biyu kuwa dillali ne da ya haɗa mai neman rance da mai bayarwa, banki kuma yakan biya shi la'ada a kan wannan. La'ada ba baƙon abu ba ce gare mu. Duk wanda ya taɓa sayen doki ko gida ya san dillali zai ci nasa, ba kuwa wanda yake ganin laifinsa, domin an san da ita kuma an san iyakarta. Abin da ya faru a Birtaniya wani abu ne dabam.

Bankuna da yawa sun ba dillalan izinin su yanke wa mai saye yawan kuɗin ruwan da zai biya. Alal misali, banki ya ce da dillali: ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ba mu ba da rance, sama da kashi 12 kuma kada ka wuce, tsakanin nan kuwa yadda ka ga dama. Sa'an nan aka ɗaure la'adar dillali da wannan zaɓi, watau in ya ɗora wa mai saye ruwa mai yawa, la'adarsa ta ƙaru, in ya sassauta masa, ta ragu. Mai saye yana zaune a gaban tebur, yana ɗaukar cewa banki ne ya duba halinsa ya yanke masa kashi 10. Bai san cewa bankin a shirye yake ya karɓi 5 ba, bai kuma san cewa mutumin da ke miƙo masa shayi shi ne ya ɗora sauran don amfanin aljihunsa ba. Ba ya taya ragi, domin bai san akwai abin tayawa ba. Wannan shi ne zan riƙa kira la'adar ga-dama.

Hukumar da ke lura da ɗa'ar masu harkar kuɗi a ƙasar, wadda ake kira FCA a taƙaice, ta karɓi aikin sa ido a kan rancen jama'a a shekarar 2014. Ta bincika cinikin motoci, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2019. A ciki ta ƙiyasta cewa a rancen fam 10,000 na shekara huɗu, irin wannan la'ada tana iya sa mutum ya biya ƙarin ruwa na wajen fam 1,100, kuma jimillar abin da masu saye ke asara tana iya kai fam miliyan 300 a shekara. Ta haramta tsarin daga ranar 28 ga Janairu, 2021. Amma hani gaba yake kallo. Waɗanda aka riga aka ci kuɗinsu fa?

Su ne suka fara kai kuka. Bankuna suka yi ta korar koke-koken, suna cewa ba su karya wata doka ba a lokacin. Akwai wani ofishi a ƙasar da aka kafa don sasanta jama'a da masu harkar kuɗi ba tare da an je kotu ba, kuma kyauta yake yi wa mai kuka aiki. A watan Janairu na 2024 aka bayyana hukuncinsa a kan ƙararraki biyu, ɗaya a kan Black Horse, reshen bankin Lloyds, ɗaya a kan wani reshen bankin Barclays, duka biyun kuwa masu saye ya ba gaskiya. Ranar 11 ga wannan wata hukumar FCA ta ce za ta binciki abin tun daga tushe, ta kuma ɗage wa bankuna wa'adin amsa koke-koke har ta gama.

Ana cikin haka sai kotu ta shigo. Ranar 25 ga Oktoba, 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a kan ƙararraki uku da aka haɗa wuri ɗaya, biyu a kan bankin FirstRand, ɗaya a kan Close Brothers. Alƙalan suka ce dillalin mota, lokacin da yake nemo wa mai saye rance, amana ce aka danƙa masa. Wanda aka ba amana kuwa, a tsohuwar dokar Ingila, ba shi da ikon cin riba a ɓoye daga wani gefe, sai in ya faɗa wa mai amanar kome dalla-dalla ya kuma sami yardarsa. In ba haka ba, abin da ya karɓa toshiyar baki ce a idon doka, wanda ya bayar kuma sai ya biya.

Wannan hukunci ya girgiza kasuwa, domin bai tsaya a kan la'adar ga-dama kaɗai ba. Kowace irin la'ada ya shafa, muddin ba a bayyana ta sosai ba, har ma ana ganin zai iya tsallakawa daga motoci zuwa duk abin da ake saye bashi ta hannun ɗan tsakiya. Close Brothers ya dakatar da ba da sabon rancen mota na ɗan lokaci. Kamfanin Moody's ya ƙiyasta cewa diyyar tana iya kai fam biliyan 30. Ministar Kuɗi, Rachel Reeves, ta nemi Kotun Ƙoli ta ba Baitulmali dama ya sa baki a shari'ar, don tsoron abin da zai sami tattalin arziki, kotun kuwa ta ƙi a watan Fabrairu na 2025. Ɗaliban shari'a su riƙe wannan, ko da ba shi ne zancenmu ba.

Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar a farkon Afrilu, ta ba da hukunci ranar 1 ga Agusta, 2025. Ta rushe maganar amana gaba ɗaya. Hujjarta kuwa mai sauƙin ganewa ce. Amana a doka ba ta tabbata don kawai wani ya yarda da kai a zuciyarsa. Tana tabbata ne in ka ɗauki alkawarin ajiye bukatarka gefe ka yi wa wani aiki shi kaɗai. Mai sayar da mota kuwa bai taɓa ɗaukar wannan alkawari ba. Tun daga shigar mai saye har fitarsa, neman sayar da hajarsa yake yi, rancen ma hanya ce ta ƙulla cinikin. Ba ya yiwuwa a ce da safe abokin ciniki ne mai neman ribarsa, da aka zo maganar banki sai ya rikiɗe ya zama waliyyinka, sa'an nan ya koma ɗan kasuwa a sa hannu. Da amana ta faɗi, sai zancen toshiyar baki ya bi ta, domin ba a toshe bakin wanda ba ya riƙe da amanar kowa. Biyu daga cikin masu ƙara uku suka tashi a tutar babu.

A ganina kotun ta yi daidai a nan, ko da yake na san wasu cikinku ba za su so jin haka ba. Da an bar hukuncin farko, da an ɗora wa kowane mai kanti nauyin da ba na mai kanti ba ne. Amma kuma da kotun ta tsaya a nan, da an yi zalunci, gama akwai cuta a fili, kowa kuwa ya gan ta. Ba ta tsaya ba.

Mai ƙara na uku, wanda shari'ar ke ɗauke da sunansa, watau Johnson, ya yi nasara ta wata ƙofa dabam. Akwai dokar da ta tsara ba jama'a rance, ta shekarar 1974. An yi mata gyara aka ƙara sashe na 140A, wanda ya fara aiki ranar 6 ga Afrilu, 2007. Sashen ya ba kotu ikon duba dangantakar mai bin bashi da wanda ake bi, in ta ga babu adalci a cikinta ga wanda ake bi, ta gyara: ta sa a mayar da kuɗi, ko a rage, ko a soke wani sharaɗi. Abubuwa biyu suka ƙara wa wannan sashe ƙarfi. Na ɗaya, da zarar wanda ake bi ya kafa zargin rashin adalci, banki ne zai kawo hujjar cewa an yi adalci. Na biyu, dokar ta ɗauki dillali a matsayin wakilin banki a duk maganganun da aka yi kafin a sa hannu, saboda haka banki ba ya iya cewa ba shi ya faɗa ba, ko ba shi ya ɓoye ba.

Ba a kan motoci aka fara gwada wannan sashe ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Plevin, inda aka sayar wa wata mata inshorar biyan bashi, ashe kashi 71.8 cikin ɗari na kuɗin inshorar la'ada ce, ba a kuwa gaya mata ba. Kotun ta ce akwai inda la'ada takan kai da girma har ɓoye ta kaɗai ya isa ya mai da dangantaka marar adalci, domin da mutum ya sani da ya sake tunani. Rigimar wannan inshora ta ci bankunan ƙasar sama da fam biliyan 38, aka kuma rufe ƙofar koke a watan Agusta na 2019. Wannan tabo ne ya sa bankuna suka firgita da maganar motoci tun ba a je ko'ina ba.

To, me aka samu a shari'ar Johnson? Ya sayi ƙaramar mota, Suzuki Swift, a 2017, a kan fam 6,499. Bankin ya biya dillali la'adar fam 1,650.95, watau wajen rubu'in abin da aka ranta, kuma kashi 55 cikin ɗari na dukan abin da rancen ya ci masa a ruwa da sauran caji. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, an ba shi takardar da ke nuna kamar dillalin yana da jerin bankuna da zai zaɓo masa wanda ya dace, alhali kuwa akwai yarjejeniya tsakanin dillalin da FirstRand cewa shi za a fara kai wa kowane ciniki. Ba a faɗi wannan ba. Banki ya ce ai an rubuta a cikin sharuɗɗa cewa mai yiwuwa ne a biya la'ada, shi ne bai karanta ba. Gaskiya ne bai karanta ba, kotun ma ba ta yaba masa a kan haka ba. Amma ta ce mutum ne da bai goge a harkar kuɗi ba, kuma magana mai nauyi irin wannan ba a cusa ta cikin ƙananan rubutu a ce an faɗa. Aka umarci banki ya biya shi kwatankwacin la'adar duka, tare da ruwa.

Ina so ku ga inda haƙƙin ya tsaya. Karɓar la'ada ba laifi ba ne. Rashin faɗinta ma, shi kaɗai, bai isa ba, kotun ta faɗi haka a sarari. Sai an duba girmanta, da irinta, da wayewar mai saye, da yadda aka bayyana ko aka ɓoye, da ko an kiyaye ƙa'idodin hukuma. Watau kowace ƙara da halinta. Wannan kuwa daidai ne a ɗakin shari'a, inda alƙali ke da mutum ɗaya a gabansa. Amma yarjejeniyoyin da ake magana a kansu miliyoyi ne. In aka ce kowa ya ɗauki lauya, kotuna ba za su gama ba har jikoki su gaji ƙarar, kuma diyyar fam ɗari bakwai ba ta biyan lauya.

Shi ya sa hukumar FCA ta ɗauki hanyar biyan diyya a dunƙule. Ranar 7 ga Oktoba, 2025, ta fitar da shawararta don a ji ra'ayin jama'a. Shawarar ta shafi rancen mota da aka ƙulla daga 6 ga Afrilu, 2007, zuwa 1 ga Nuwamba, 2024, inda banki ya biya dillali la'ada. Ta ce za a ɗauka an yi rashin adalci in ba a bayyana wa mai saye ɗaya daga cikin abubuwa uku ba: la'adar ga-dama, ko la'ada mai yawa ƙwarai, wadda ta auna da kashi 35 cikin ɗari na dukan kuɗin rancen tare da kashi 10 na abin da aka ranta, ko kuwa ƙullin da ya ba wani banki fifiko a wurin dillali. A lissafinta na lokacin, yarjejeniyoyi wajen miliyan 14 suka faɗa ciki, matsakaicin abin da za a biya a kan kowace wajen fam 700, jimillar diyya kuwa fam biliyan 8.2, in an haɗa da kuɗin gudanarwa ta kai biliyan 11. A wannan watan ne bankin Lloyds ya ƙara abin da ya keɓe don wannan biya har ya kai fam biliyan 1.95.

Shawarar ba ta gamsar da kowane ɓangare ba. Bankuna suka ce an ɗauka kowa ya yi asara, alhali akwai wanda dillali ya sassauta masa ruwa don ya ƙulla ciniki, kuma an wuce abin da Kotun Ƙoli ta faɗa. Lauyoyin masu ƙara kuwa suka ce Johnson ya sami la'adarsa duka, don me sauran za a ba su ƙasa da haka? Gama hanyar lissafin da hukumar ta kawo ga yawancin mutane ita ce a ɗauki la'adar da aka biya, a ɗauki ƙiyasin asarar da mutum ya yi a ruwa, a raba tsakani. Sai wanda halinsa ya yi kusa da na Johnson sosai ne zai karɓi la'adar cif. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Diyyar dunƙule ma'auni ɗaya take yi wa mutane dabam-dabam, dole wani ya sami fiye da haƙƙinsa, wani ƙasa. Abin da ake saye da wannan shi ne sauri, da kuma kaiwa ga mutumin da har abada ba zai taka ƙofar kotu ba.

Akwai kuma matsalar lokaci. A dokar Ingila irin wannan ƙara tana da wa'adin shekara shida, sai a ce to wanda ya sayi mota a 2009 ai ya makara. Amma Kotun Ƙoli ta yi hukunci biyu a 2023 da suka sassauta wannan. Ɗaya ya ce wa'adin ƙarar rashin adalci ba ya fara ƙirguwa sai dangantakar bashin ta ƙare. Ɗayan ya ce in mai bin bashi ya ɓoye la'ada da gangan, agogo ba ya fara tafiya sai ranar da wanda aka cuta ya gano, ko ya kamata a ce ya gano. Abin da ya fi wa'adi wuya shi ne takardu. Mutane sun sauya gidaje, wasu sun mutu, dillalai sun rufe, bankuna kuma sun share tsofaffin bayanai. Wanda ya adana takardar yarjejeniyarsa, ko ya tuna sunan bankin da lambar motar, ya fi wanda bai riƙe kome ba saukin samun nasa.

Sai wani abin ban takaici. Da labarin diyya ya bazu, kamfanoni suka cika rediyo da intanet da talla, suna cewa kawo mu karɓo maka. Abin da suke yanka yana kai kashi 30 cikin ɗari na diyyar, a kan aikin da mutum zai iya yi da wasiƙa ɗaya zuwa ga bankinsa, ba ko sisi. Hukumar ta sha gargaɗin jama'a cewa ba su bukatar ɗan tsakiya. Mutumin da dillali ya ci la'adarsa a ɓoye, ga shi zai biya wani dillalin la'ada don ya karɓo masa ta farkon.

Wani zai ce mene ne ruwanmu. 'Yan'uwanmu da suka zauna a Birtaniya cikin waɗannan shekaru suka sayi mota bashi, abin ya shafe su kai tsaye, ko da sun dawo gida, domin haƙƙin yana bin yarjejeniyar ne, ba wurin zama ba. Ga ɗaliban shari'a kuwa, dokar amana da ta wakilci da ake koya muku daga Ingila aka gado su, kuma kotunan Nijeriya sukan duba hukuncin kotunan can don neman haske, ko da yake bai zama tilas a kansu ba. Saboda haka abin da aka faɗa a kan dillali da amana kuna iya jin an kawo shi a gaban alƙali a nan. Amma sashe na 140A dokar majalisar Birtaniya ce, ba ya ƙetare teku. Lauyan da zai kare mai sayen mota bashi a nan, sai ya buɗe Dokar Sayen Haya ta 1965 da dokar kare masu saye ta 2018, ya ga abin da suka ce a kan bayyana kuɗin ruwa da abin da ɗan tsakiya ya karɓa, da abin da suka yi shiru a kansa.

Malam Shugaba, na ga lokaci ya ƙure. A nan zan dakata, don a sami damar yin tambayoyi.